Ranar da Baffana Ya Faɗi Lambarsa

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibiti a Ikara, aka yi sanarwa a rediyo cewa za a tantance tsofaffin sojoji a ba su katin ganin likita. Mahaifina tsohon soja ne. Ya yi yaƙin basasa yana saurayi, ya dawo da ɗingishi a ƙafar hagu, ya kama noman rake a Nasarawan Doya. Bai taɓa neman komai a wurin hukuma ba. Ni ce na matsa masa, don ƙafar kan hana shi barci duk damina. Ni kuwa idan na sa abu a gaba, mahaifiyata kan ce mai son zaman lafiya ya kauce mini.

Muka tafi birni tare da abokansa tsofaffin sojoji, waɗanda suke majalisa a gindin darbejiya duk ranar kasuwar Makarfi. Ya sa hularsa ta soja da ta koɗe, ya goge takalmi har yana ƙyalli. Da layi ya zo kanmu jami'in ya nemi takardar sallama, muka ce gara ta cinye ta tun ina goye. Ya tambayi suna da sunan uba da gari, ya duba na'ura, sai ya ɗago kai ya ce da ƙarfi, "Baba, ai nan an rubuta ka gudu daga bakin daga."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Malam, dubi ƙafar nan da kyau. Da wacce ya gudu?" Mahaifina ya ce, "Zauna." Ya cire hular nan ya ninke ta ya sa a aljihu, muka fito.

Kafin mu iso gida labari ya riga mu. Ba wanda ya ce masa komai a gaban idonsa, amma gaisuwar mutane ta canza, kuma shi ba yaro ba ne. Ya daina zuwa majalisa. Hoton da ke bangon ɗakinsa, na samari biyu cikin kaki sun dafa kafaɗar juna, ya sauke shi ya tura ƙarƙashin gado. Mutumin da ba a raba shi da ba'a ya koma daga gona sai masallaci. Wallahi abin ya ci mini rai, musamman da yake ni na ja shi wurin.

Na koma ofishin ni kaɗai na tambayi yadda ake gyara. Suka ce sai an kawo rantsuwar kotu da takardar hakimi, uwa uba kuma shaidar wanda suka yi aiki tare. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, ai saurayi na biyu a hoton nan yana raye, baffana ne.

Bari in gaya muku yadda suke. Mahaifina ɗan fari ne, don haka ana yaye shi aka ba wan mahaifinsa riƙonsa a Taba ta ƙasar Kudan. Baffa ɗan wannan tsohon ne na cikinsa, shekara guda ce tsakaninsa da mahaifina. Dukansu sunan kakansu suka ci, shi ya sa a gida ba mai kiran sunan, sai dai a ce babba da ƙarami. Rana ɗaya suka shiga soja, layi ɗaya suka bi. Mu dai abin da muka taso muka ji shi ne, ciwon ƙirji ya sa aka sallami Baffa da wuri.

Da na gaya wa mahaifina zan je Taba, ya ce, "Kada ki je."

"Don me, Baba?"

"Na ce kada ki je. A bar takarda yadda take. Allah ya san abin da na yi, ya ishe ni."

Kun dai san halina. Washegari na ƙulle goro da mazarƙwaila na hau acaɓa. Na tarar da Baffa a zaure yana tufkar igiya. Shi ne ladanin unguwarsu, dattijo mai sanyin magana, wanda ake kai wa ƙara idan 'yan'uwa sun saɓa. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da awaki. Daga nan na buɗe baki kamar an fasa tulu. Na ba shi labari duka, na ƙare da cewa, "Ni dai Baffa, zargina wani matsoraci ne ya tsere aka liƙa wa Baba. Duk wanda ya yi gudun nan ya bar bawan Allah da abin kunyarsa, ban yafe masa ba."

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Ya ce, "Yaya ne ya aiko ki?"

"A'a, hana ni ma ya yi."

"Kika ce ya cire hular?"

"Ya cire, Baffa. Har hotonku ya sauke."

Sai ya ce, "To. Ki gaida gida." Na fito ina ƙunƙuni, wai ɗan'uwansa na cikin wannan hali amma ko alkawarin zuwa shaida bai yi ba.

Mahaifiyata tana tankaɗe na shigo. Tana ganin fuskata ta ce, "Kin je ko? Me kika faɗa masa?" Na maimaita mata. Ta ajiye rariya ta riƙe haɓa ta ce, "Ke kam bakinki ya riga hankalinki fitowa duniya. Baffan naki ne ya gudu. Babanku ne ya ƙirƙiro zancen ciwon ƙirji da ya dawo, don kada tsohon da ya riƙe shi ya mutu da baƙin ciki. Ni ma sai da na haife ku ya gaya mini."

Ta ce ranar ɗaukarsu soja da aka tambayi mahaifina sunan ubansa, sunan mariƙinsa ya faɗa, don ɗan riƙo ba ya tsallake wanda ya ci da shi ya kira wani, butulci ne. Ka ga suna ɗaya, uba ɗaya, gari ɗaya. Na tuna maganar da na yaɓa wa tsohon nan a zaurensa, na rasa inda zan sa kaina.

Ba a yi mako ba, da sassafe muka ji sallama. Baffa ne cikin farar rigarsa ta Juma'a. Ko tabarma bai hau ba ya ce, "Yaya, tashi mu je."

"Ina?"

"Inda aka karanta maka abin da ba naka ba."

Mahaifina ya harare ni, sannan ya ce masa, "Kai ladan ne, kana da surukai da jikoki. Koma gida. Maganar mutane kwana nawa ce?"

Baffa ya ce, "Na san ka rufa mini asiri. Abin da ban sani ba, ashe da mayafinka ka rufe ni, kai kana kwana cikin sanyi. Idan ba ka tashi ba ni kaɗai zan je."

Haka muka tafi mu uku. Ni tsorona kada a kama shi. Aka shigar da mu wurin wani babban hafsa mai furfura. Baffa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne wanda ya gudu, ba yayana ba." Mahaifina ya yi caraf ya ce, "Ranka ya daɗe, lokacin tsohonmu ba shi da lafiya, ba mai duba shi..." Baffa ya dafa gwiwarsa ya ce, "Bari, Yaya. Tsoho lafiyarsa ƙalau. Tsoro na ji. Na ga yadda mutane ke faɗuwa, na yar da bindiga na nufo gida. Shi ya tsaya har aka harbe shi a ƙafa, ya warke ya koma."

Hafsan ya tambayi mahaifina lambarsa ta soja. Ya miƙe ya ƙame ya zayyano ta kamar jiya aka ba shi. Hafsan ya juya ga Baffa. Shi ma ya miƙe ya faɗi tasa, lambar da bai furta ba tun yana saurayi. Tana bin ta yayansa a jere. Da aka bincika aka gano wani magatakarda ne tun can baya ya ga komai nasu iri ɗaya, ya zaci mutum ɗaya aka rubuta sau biyu, ya haɗe fayil ɗin. Hafsan ya sara wa mahaifina, ya kama hannun Baffa da hannu biyu ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, ba wanda zai taɓa shi.

Kada ku zaci nan take aka gyara. Na sha zirga-zirga tsakanin kotu da fadar hakimi da ofis, na sha "dawo mako mai zuwa" har masu gadi suka san muryata. Sai da aka sare rake aka gama dafa mazarƙwaila takardar ta fito, ɗauke da cewa ya yi aiki har ƙarshe an sallame shi cikin mutunci. Baffa kuma ya biya nasa farashin. An yi ta tsegumi a Taba, wasu suka rage kawo masa ƙara. Bai fasa kiran salla ko sau ɗaya ba.

Ranar tunawa da sojoji ta zagayo, mahaifina ya fito da hularsa, ya aika aka ɗauko Baffa. Baffa ya ƙi shiga layi, ya ce ba wurinsa ba ne. Sai mahaifina ya miƙa masa sandarsa ya ce, "To riƙe mini." Ya yi faretin nan da ɗingishinsa ba sanda, Baffa na tsaye cikin 'yan kallo rungume da ita, hawaye na bin gemunsa. Ni kam kuka na yi sosai, ban damu da wa ke kallona ba.

Yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Hoton yana ɗakina, kuma ina alfahari da su biyun daidai wa daida. Na taɓa ce wa mahaifina har yanzu ina jin kunyar abin da na faɗa a zauren Taba. Ya yi dariya ya ce, "Bakin naki dai ya yi rana sau ɗaya. Ni nawa harsashin likita ya cire tun muna samari. Shi nasa ya kwana da shi har tsufa, kuma da hannunsa ya cire, saboda ni."