Mai Furfura da Garin Cikin Kwamfuta

Ina zaune a shagon gyaran kwamfuta, ga wani bawan Allah, furfura har gemu, ya tsaya a kan maigyara. Wai wasansa na gina gari ake kwashewa daga inda kwamfutar ta kulle shi zuwa wani wurin a cikinta, don ya samu damar yi masa kwaskwarima, ya sa wa jaruminsa fukafukai.

"Maigida, a hankali! Shekara biyar ina gina garin nan, kar ya goge!"

Gumi yake, ido kan layin da ke rarrafe a allon kwamfutar yana nuna inda kwashewar ta kai. Ni da na yi ƙaura sau huɗu da 'ya'ya bakwai ban jiƙe haka ba.

Layin ya cika, gari na nan. Ya zube a kujera yana hamdala.

Na ce, "Barka da arziki, ɗana. Mace ko namiji?"