Yadda Karara Ta Hau da Lawal Kan Dutse

Daga Funtuwa

Ana sallame sallar asuba na rataya jakata na nufi tasha, ko shayi ban tsaya sha ba. Taubashina Lawal, ɗan Gwaggo Asabe, shi ya tashe ni da waya tun jiya: ganyen itacen kukkuki ya fara ja a kan dutsen ƙauyenmu, in zo in zama shaida.

Bara babur ya kayar da Lawal, aka sa masa ƙarfe a ƙafa, ya daɗe a kwance. Gonar da mahaifinsa ya bar masa tana can a kafaɗar dutsen, ita kuwa Gwaggo ta yanke shawarar ba maƙwabcinsu aronta, tunda a ganinta mai ita ba zai ƙara iya hawa ba. Lawal ya rantse kafin kukkukin ƙolin dutsen ya zubar da ganye zai taɓa shi da hannunsa, kuma ba ta hanyar masu itace ba, ta fuskar dutsen kai tsaye. Gwaggo ta ce in ya yi, gona tasa ce.

Motar da na samu ta cika da buhunan sabuwar masara, mu fasinja kamar alfarma aka yi mana. Bayan Bakori muka tarar da shinge, jami'i ya leƙo ya ce ina zuwa.

"Kallon ganye, ranka ya daɗe," na ce.

Direba ya juyo ya dube ni. "Malam, ganyen shayi ko na miya?"

Har muka shiga Malumfashi ana yi mini dariya, ni ma ina taya su.

Malumfashi zuwa gida

A bakin tasha na karya da koko da ƙosai mai zafi, na sayi dafaffiyar gyaɗa na cusa a aljihu, na hau acaɓa. Dawa ta yi kai a dama da hagu, wake ya rufe ƙasa, iska tana ƙanshin ɗanyen kara. Daga nesa na hango dutsen. Gindinsa kore shar, amma can sama, inda ƙasa ba ta da kauri, itatuwa sun riga na ƙasa jin ɗaukewar ruwa, sun yi ruwan ɗorawa da ja-ja. Sai da na daki kafaɗar ɗan acaɓa don murna, ya ce in bari mu isa da rai.

Na tarar da Lawal a ƙofar gida ya ɗaure wando, yana dogare da sandarsa.

"Tela ya iso," ya ce, don ɗinki ne sana'ata. "Gwaggo, ga wanda zan goyo in ya gaji."

"Kai da aka haɗa da kusoshi kamar benci?" na ce.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta kama hannuna ta ce, "Isa, in ka ga abin ya fi ƙarfinsa, ka dawo mini da shi. Gona ba ta kai ƙafa ba."

Hawa

Da hantsi muka ratsa gonakin gindin dutse, muna yi wa masu cirar gyaɗa barka da aiki. Daga nan babu sauran hanya, sai gamba da ta fi mu tsawo da duwatsu masu santsi. Lawal na gaba yana sara ciyawa da sanda, ina baya ina tsokanarsa, don na lura in ya ji haushi ya fi sauri. Muna hawa launi na sauyawa. Itatuwan hano sun yi rawaya, ganyensu na sauka a kanmu ɗaya-ɗaya, ni kuwa sai ihu nake kamar yaron da aka kai kasuwa ranar farko.

Da rana ta take muka iso wani falalen dutse mai tsayi, kukkukin na bisansa, muna ganin jajayen ganyensa. A nan ƙafar ta ce ba ta san zance ba. Lawal ya zauna, gumi na zuba.

"Isa," ya ce a hankali, "ka ce wa Gwaggo ta ba shi gonar."

Raina ya ɓaci ƙwarai, tsokanar ma ta ƙare mini. Na ce ya tashi in ja shi. Na kama hannunsa da dama, na miƙa hagu na cafki wata igiyar daji da ta sauko daga reshe, na ja da ƙarfi.

Ashe karara ce. Ni da aka haifa a ƙauyen nan, na san ta tun ina yaro ina tsallen kunya a gona, amma zama a shago ya sa idona ya mutu. 'Ya'yanta masu gashi sun bushe, suka zazzago mana a wuya da cikin riga. Wanda bai taɓa gamuwa da ƙaiƙayinta ba, ya ɗauka an watsa masa tururuwa masu wuta.

"Ka kashe ni, tela!" Lawal ya kurma ihu. "Laka! Akwai kwarmin ruwa a sama!"

Ban san yadda aka yi ba. Na dai ga mutum ya wuce ni yana hawa falalen da rarrafe, hannu da gwiwa, yana zagina yana susa, ina biye ina cire riga.

Ƙoli

Muka faɗa kwarmin, muka dinga kwaɓar laka muna shafawa a wuya da ƙirji har zafin ya lafa. Na dube shi, ya dube ni, kowa baƙi ƙirin sai idanu. Dariya ta kama mu har na kwanta a kan dutse ina riƙe ciki.

Shi ya fara daina dariya. Ya ɗaga kai, ga reshen kukkuki a bisa kansa. Ya leƙa ƙasa, ga sandarsa can a gindin falalen inda ya yar da ita. Ya miƙe tsaye, ya ɗingisa ya dafa itacen da tafin hannu, ya bar shaidar laka a jikinsa. Daga nan ana ganin gonar, ciyawa ta cinye ta. Lawal ya yi kuka, ni ma ban tsira ba. Muka ci gyaɗar aljihuna, ya karyo reshe guda, muka sauko ta hanyar masu itace a hankali.

Komawa

Bayan la'asar muka shiga gida. Gwaggo na tankaɗe, ta ɗago ta ga dodanni biyu, ta yi salati. Lawal ya durƙusa ya ajiye reshen a gabanta. Ta juya shi, ta dubi ƙafarsa.

"Da ƙafarka?"

"Da gwiwa dai, Gwaggo," na ce, "amma tasa ce."

Ta goge ido da gefen zane, ta ce mu je mu yi wanka kafin mutane su gan mu. Ina bayan gida ina zuba ruwa na jiyo ta ta katanga tana kiran matar maƙwabci, tana cewa ta gaya wa maigidanta ya yi haƙuri, mai gona zai shiga sharar abarsa da kansa.

Washegari na dawo Funtuwa lafiya, wuyana duk tabon susa. Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya sauko da mu, na gode wa Gwaggo da tuwon daren nan. Lawal kuwa ya aiko a gaya mini ranar sharar gona in zo, amma in bar hannuna na hagu a shago.