Fiyar da Baba Ya Dasa a Wurin Alwala

A gidanmu na Bungudu, duk dashen da ake ji da shi a wurin alwala ake sa shi, don ya sha ruwa duk lokacin salla. Nan Baba ya dasa 'yar bishiyar fiyar da ƙanensa ya kawo masa daga Jos.

Da bazara ta kama, ganyenta ya fara rawaya yana zuba. Baba ya ce ƙishirwa ce, kowa ya riƙa juye sauran butarsa a gindinta. Kullum da safe sai ya dubi ganyen da ke ƙasa, sannan ya bi mu da kallo.

Ranar da ya ce ƙyuyarmu ce za ta kashe ta, raina ya ɓaci. Na ɗauko fartanya na tona gindin a gabansa. Taɓo ne mai wari, saiwar ta yi baƙi ƙirin.

Na ce, "Baba, ruwa ne ya kwanta mata. Ruɓewa take yi."

Ya daɗe yana kallon ramin, da buta cike a hannunsa. Sai ya juya, ya tafi bakin zaure ya yi alwalarsa.