Fim Ɗin da Magariba Ta Yanke

Abubuwa da yawa na ƙuruciya sun shige mini duhu, amma yammacin da na kai ƙanena kallon fim ɗin lu'ulu'u a Yelwa ba zai taɓa fita daga raina ba.

A lokacin ina karatu a Sakkwato, shi kuma yana gida tare da Inna, yana riƙe da kwalekwale da tarun da Baba ya rasu ya bari. Shiru-shiru ne, irin mutanen da in kana yi musu faɗa za su yi ta gyaɗa kai har ka gama, sannan su je su yi abin da suka yi niyya. Na dawo hutu na tarar Inna ta rame. Samarin bakin ruwa sun fara ajiye taru suna tafiya dajin Ngaski haƙar zinari, ƙanena kuma ya sayi diga ya jingine ta bayan ƙofa, inda duk mai shigowa zai gan ta.

"Kai ka yi boko," in ji Inna. "Ka yi mai magana da irin taku. Ni na yi tawa har miyau ya ƙahe. Ba ni son shi shiga ramin nan."

Na yi maganar. Na kawo labarin ramukan da suke ruftawa, na kawo na ƙurar da ke cin huhu, na haɗa da Turanci kaɗan don ta ƙara nauyi. Ya gyaɗa kai daga farko har ƙarshe, digar kuma ba ta motsa daga bayan ƙofa ba.

Sai na tuna wani fim da na kalla a Sakkwato, na Turawa ne amma an yi masa fassarar Hausa. Labarin wata ƙasa ce da ake yaƙi, 'yan bindiga suna kama mutanen ƙauye suna sa su tonon lu'ulu'u a bakin kogi, su sayar su sayo makamai. Jarumin wani tela ne da aka kama. Ya tsinci dutse babba, ya ɗinke shi a ƙugun wandonsa, ya gudu. A ƙarshe dai an harbe shi a bakin iyaka, wani soja ya farke wandon ya zare dutsen, aka nuna shi yana ƙyalli a yatsar wata mata a can ƙasar waje da ba ta taɓa jin sunan telan ba. Ni da na kalla sai da na kwana ba ci. Na kuma karanta a jarida cewa masu sharhin ƙasashen waje sun ce fim ɗin ya girgiza duniya, har wasu mata sun cire zobbansu. Na ce fim ɗin da ya cire zobe daga yatsar Baturiya ba zai kasa cire diga daga hannun ƙanena ba.

Gidan kallon unguwarmu rumfar kwano ce da bencuna, kusa da inda ake sauke kifi, tana fuskantar masallaci. Tsakanin mai gidan kallon da liman akwai tsohuwar yarjejeniya: da ladan ya bubbuga lasifika don kiran Magariba, za a kashe janareto ko da jarumi yana sama bai diro ba. Bayan salla kuma lokacin ƙwallo ne, wannan ba a taɓa shi. Saboda haka a unguwarmu fim ba ya ƙarewa, sai dai ya tsaya. Mutane sun saba, har sun fi son haka. Washegari a teburin mai shayi kowa zai kawo ƙarshen da ya yi masa, a yi ta musu har shayi ya huce.

Na san wannan duka, don haka na yi dabara. Na je Sakkwato na ɗauko faifan fim ɗin, na roƙi mai gidan kallon ya fara da zarar an idar da La'asar, na auna na ga fim ɗin zai shige daidai. Ya ce babu matsala. Janareto ne ya ce akwai. Aka ja igiya aka ja, aka cire fulogi aka goge aka hura, aka aika neman fetur. Kafin hoto ya fito rana ta riga ta karkata. Na zaunar da ƙanena a bencin gaba, na zauna kusa da shi ina satar kallon fuskarsa.

Rumfar ta cika da masunta da 'yan kabu-kabu da wasu 'yan haƙar zinari da suka zo ganin gida, ƙafafunsu jajir da ƙasa. Da 'yan bindiga suka ƙona ƙauye wuri ya yi tsit, na ji daɗi a raina na ce aiki ya fara. Sai wani daga baya ya tambaya ko injin jirgin ruwan da suka zo da shi irin namu ne, aka rabu gida biyu a kan haka. Da telan ya tsinci dutsen kuwa, ya ɗaga shi sama, rumfar ta ɗauka gaba ɗaya: "A maido! A maido!" Mai gidan kallon mutum ne mai girmama jama'a. Ya mayar baya. Telan ya sake tsintar dutsen. Aka ce a ƙara, ya ƙara. Ina zaune ina kallon inuwar masallaci tana tahowa ta ƙofar rumfa, telan nan kuma yana ta tsintar dutse ɗaya.

Telan ya gudu, ya tsallake kogi da asuba, ya zube a kan yashi. Ya farke ɗinkin, ya ɗaga dutsen ya saita shi da rana, ya fashe da dariya. A daidai nan ladan ya bubbuga lasifika. Hoto ya ɗauke. Rumfa ta ɓarke da tafi.

Na miƙe na ce bai ƙare ba, akwai saura, kuma sauran shi ne fim ɗin. Mai gidan kallon yana naɗe waya ya ce, "Nan dai ya ƙare. Bayan salla ƙwallo." Na tsaya a bakin ƙofa ina tare mutane ina gaya musu cewa harbe telan za a yi. Wani tsoho ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ku 'yan boko ba ku son talaka shi samu," ya wuce alwala.

Washegari aka zauna sharhi wurin mai shayi. Babban mai sharhinmu wani tsohon ma'aikacin gidan rediyo ne da ya yi ritaya. Babu fim ɗin da ake yanke wa hukunci sai ya buɗe baki, ko da yake yakan yi gyangyaɗi a tsakiyar kowanne. Ya kurɓi shayi, ya ajiye kofi, ya ce fim ɗin ya yi ma'ana, don shi ne na farko da ya ga Turawa sun bar baƙin mutum ya ci nasara bai mutu ba. Na ce ai ya mutu.

"Wanga kai ka gane shi can Sakkwato," in ji shi. "Mu abin da munka gani da idonmu, a kai nai muka sharhi."

Wani dillalin kifi ya ce shi abin da ya ɓata masa rai, kogi guda tun daga farko har ƙarshe amma babu wanda ya jefa taru. Telan unguwarmu ya ce fim ɗin ya fito da darajar sana'a, ya kuma yi kwanaki ba ya amsa gaisuwar kowa da wuri. Wani da bai je kallon ba ya ce fim ɗin bai da tarbiyya, ya kawo hujjoji masu ƙarfi. Maganar cire zobe kuwa ba ta taso ba, don babu wanda ya taɓa sayen lu'ulu'u a teburin balle ya daina. Na juya na tambayi ƙanena yadda ya ga fim ɗin. Ya ce ya yi kyau.

Kafin hutuna ya ƙare digar ta ɓace daga bayan ƙofa. Ƙanena ma ya ɓace tare da ita. Inna ta ɗauki tsintsiya ta jingine a wurin.

Damina ba ta fita ba aka kawo shi a bayan mota. Ruwa ya jiƙa ƙasa, rami ya rufta da su. Wasu daga cikin abokan aikinsa ba a fito da su da rai ba. Shi an fito da shi, amma ƙafarsa ta hagu sai da aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Mutumin da yake tsayuwa a bakin kwalekwale ya watsa taru kamar yana tsaye a tsakar gida ya koma zama a gindin bishiya a bakin ruwa yana gyaran tarun wasu. Har yau in na gan shi yana jawo sandarsa zai tashi, sai in kawar da kai.

Na yi shekaru ina raba laifi. Na ba janareto kasonsa, na ba wanda ya fara cewa a maido, na ba ƙwallo. Mai gidan kallon ya samu kaso mafi tsoka, har gaisuwata da shi ta koma ɗaga hannu daga nesa. Ladan ne kawai na tsallake, shi ma don tsoron Allah. A raina na gama yarda cewa da an bar fim ɗin ya kai ƙarshe, da ƙanena yana da ƙafa biyu.

Bayan na fara aiki na samu fim ɗin a waya. Wata safiya na same shi a gindin bishiyarsa, na zauna, na kai hoton daidai inda telan yake dariya a kan yashi, na miƙa masa. Ya ajiye tarun ya kalla. Aka harbe telan, soja ya farke wando, dutse ya hau yatsa. Ya miƙo mini wayar, ya ɗauki zarensa.

"Na taɓa ganinai," ya ce.

Na ce yaushe?

"Tun kahin ka kai ni. Gidan wani abokina mai bidiyo. Har ƙarshe, har rubutun nan da ka hawa sama."

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa mini. Ya ce ya ga na sha wahala na ɗauko fim ɗin tun daga Sakkwato. Na ce to da ka san ƙarshen, me ya kai ka?

"Yaya, ƙarshen telan sau guda nig gane shi. Na tarun nan kullum nike ganinai, in na jawo shi babu komi ciki. Kai kana makaranta, Inna tana gida." Ya ƙulla zare ya ciza ya yanke. "Fim ɗin ya yi kyau. Wuri guda sunka yi kure. Duk sadda abu zai hwaru, sai su sa kiɗa. Can cikin rami babu kiɗa. Hira muke yi."

Na zauna ina riƙe masa bakin tarun har rana ta yi zafi. Da yamma na je na gaida mai gidan kallon hannu bibbiyu, na tambaye shi iyali ɗaya bayan ɗaya, yana ta kallona bai san dalili ba.

Abin da na koya ke nan, kuma a gindin bishiyar nan na koye shi. Ba kullum rashin sanin ƙarshe ke kai mutum rami ba. Ni da Inna da Turawan da suka yi fim ɗin, duk mun dage muna nuna masa abin da ke jiransa a gaba, alhali ya fi mu ganinsa. Yanzu in na ga mutum ya nufi haɗari ido buɗe, kafin in ce masa kada ya je, sai na fara tambayarsa abin da ya koro shi daga gida.