Ranar da Baba Ya Bar Goro

Jiya jikata ta jawo wani kaskon tangaran mai launin ruwan ganye daga ƙarƙashin gado. "Kaka, na turare ne?" Na ce, "Aje, na tofa yawu ne, na Baba surukina."

Shekarun da kuɗin fetur suka cika gari maigidana ya sawo shi a Makka, wai aikin Sin ne. Lokacin ɓarin jikin Baba ya shanye, ko zaure ba ya fita, goro kaɗai ya rage mashi. Maza na gona wajen Daudawa, sai aka ce ni zan riƙa tara mashi kaskon.

To, suruki ba ya tofi gaban matar ɗansa, ni kuma ba ni tashi sai ya sallame ni. Haka muke zama, ɗaki na warin man zafi, tangaran na sanyi a tafina, bakinsa cike, kaina a ƙasa. Jaririna na tsala kuka a tsakar gida, nono na jiƙa mani zane.

Rannan ya haɗiye yawun goron da ƙyar, ya yi ta tari. Da numfashi ya dawo, sai ya dubi bango ya ce, "A gaya wa yarinyar nan ta je ga ɗanta. Na bar goro."

Damina biyu ya ƙara a kwance, bakinsa na motsi babu komi ciki.

Allah Ya yalwata mashi kabarinsa, Ya tashe shi da ƙafafunsa.