Almu Kafinta, Wanda Ya Bi Gida Gida Yana Karɓe Kyautarsa

Idan aka sallame sallar asuba, Almu Kafinta ba ya tashi tare da jama'a. Yakan jingina da bangon masallaci har numfashinsa ya dawo, don 'yar tafiyar da ke tsakanin gidansa da masallacin ma yanzu sai ya huta a hanya. Daga nan ya je ya ɗaura wa jakinsa amalanke, ya cika jarkoki da ruwa, ya ɗora tsofaffin buhuna da igiya, ya rataya takunkumin rufe hanci a wuya, ya kama hanya. Haka muke ganinsa 'yan shekarun nan a ƙauyenmu da ƙauyukan kwarin nan na tsakanin Buza da Karofane. Wasu su gaishe shi, wasu su kau da kai.

Ni mai wannan rubutu mushe ne, wato malami, a lakwal, makarantar bokon ƙauyen. Na fara furfura ina koya wa yara Faransancin da daga ni har su ba wanda ya gamsu da shi. A aikin rufi kuwa, iyakar gwanintata riƙe tsani daga ƙasa da ba da shawarar da ba wanda ya nema. Amma mai riƙe tsani yana ganin abubuwa, kuma abin da na gani shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Tsofaffin azuzuwanmu an rufe su da wani tol, wato kwanon rufi, mai launin toka, mai nauyi, da muke kira tol ɗin siminti. Muna son shi ƙwarai. Ba ya ɗaukar zafi kamar na ƙarfe, kuma in ana ruwa ba ya ƙara, sai dai mu malamai mun rasa dalilin dakatar da karatu. Almu ne mai gyaransa tun yana saurayi. In iskar farkon damina ta fasa wani, shi zai hau, ya cire, ya sa zarto ya yanko wani daidai wurin. Yakan sauko fari fat da ƙura har gashin ido, yara suna yi masa dariya, shi ma yana taya su.

Guntayen da suka rage ba ya sayarwa. Rabarwa yake. Wannan ya samu murfin bakin rumbu, waccan ta samu rufin akurkin kaji, yaron da ubansa bai saya masa allo ba Almu ya yanko masa ɗan guntu, yaron ya goge gefensa da dutse ya dinga rubutu da alli. Duk kwarin nan babu wanda aka sani da sakin hannu kamarsa. In ana zancen mutumin kirki a majalisa, da sunansa ake farawa.

Sai tari ya kama shi. Aka yi na gida, aka yi na likita, aka ce tarin fuka ne, aka sha magani har aka gaji. Daga baya ya tafi Yamai. Wani likita ya dubi hoton ƙirjinsa ya tambaye shi sana'arsa. Da ya faɗa, likitan ya ce a cikin irin wannan tol akwai wani abu da ake kira amiyanti, siraran zaruruwa da ido ba ya gani. Muddin tol ɗin yana lafiya ba a taɓa shi ba, da sauƙi. In aka yanka, ko aka fasa, ko aka kankare, ƙurar ta shiga huhu ta zauna, sai bayan shekaru masu yawa ta nuna kanta, kuma babu maganin da ke fitar da ita.

Na je yi masa barka da dawowa, na shirya kalaman ƙarfafa zuciya tun daga gida. Bai ba ni damar amfani da su ba.

"Mushe," ya ce, "nawa ya ƙare, wanga na Allah ne. Amma tun daga tasha nike tunanin ɗiyan da na yanka ma allo. Da hannuna na ba su. Suna gogawa da dutse, suna hurawa da baki."

Na ce ai bai sani ba.

"Yanzu hwa? Yanzu ban sani ba?"

Kun san mu. A ƙasar nan mutum ya ci bashi ya ƙi biya, a yi haƙuri da shi. Ya yi faɗa a kasuwa, a manta. Amma ya ba da kyauta ya dawo ya ce a mayar masa, wannan ko yaron goye ba a yafe masa. Almu ya san haka sarai, kuma washegari ya ɗaura amalanke.

Ya fara da allunan yara. Maigari ya ba shi wani wuri a kan dutse, nesa da rijiyoyi da gonaki, matasa suka haƙa masa rami mai zurfi. Duk guntun da ya karɓo sai ya sa takunkumi, ya jiƙa shi sharkaf don kada ƙura ta tashi, ya naɗe cikin buhu, ya kai ramin ya rufe. A inda ya karɓa kuma yakan bar katako da ya fere da kansa. Ajin da rufinsa ya fara farfashewa kuwa, Almu ya matsa wa iyayen yara har aka sauke rufin a lokacin hutu, a jiƙe, ɗaya bayan ɗaya, babu zarto babu guduma. An ce a manyan ƙasashe akwai ma'aikata na musamman masu tufafi kamar na 'yan sama jannati da ke wannan aiki. Mu Allah ya ba mu Almu da jaki.

Almu, kai ne ka tsaya a ƙofar gidajen da a da ake shimfiɗa maka tabarma, aka bar ka tsaye a rana. Kai ne yara suka bi da waƙar mai karɓe kyauta, cikinsu har da waɗanda ka karɓe wa allo don huhunsu. Ban taɓa jin ka ɗaga murya ba. Na so in ce haƙuri ne kawai, amma na san numfashin ɗaga muryar ma ba ka da shi.

Wadda ta fi ba shi wuya Iya Tabawa ce, tsohuwar da ke sayar da ƙosai a bakin ƙofar lakwal. Teburinta guntun tol ne mai faɗi da aka ɗora kan duwatsu. Kowace safiya sai ta kankare shi da wuƙa, ta hure, yara na tsaye kewaye da ita suna jiran ƙosai. Almu ya ba ta shi ne lokacin da mijinta ya rasu, ta fito neman abin da za ta ci da marayu.

"Iya, tebur na kawo miki na icce, ya hi wanga kyau."

"Aje shi gidanku. Wanga da kag gani, ina cikin takaba ka aiko min shi. Da shi na aurad da ɗiya ukku. Yau ka zo amsa? Almu, mi ya same ka? Tari na ci ma hankali?"

"Iya, ƙuratai na kashe mutum."

"To ni ga ni, ban mutu ba. Kai dai ka ce kana son abinka."

Damina guda cur ba ta amsa gaisuwarsa ba. Shi kuma bai daina zuwa ba. Ni ma na gwada sa baki, na yi mata bayani da zane a ƙasa kamar ina aji. Ta saurara har na gama, ta tambaye ni ko ƙosan nawa zan saya.

Bayan girbin bara, wata safiya lokacin shan iskar yara, ya zo kamar kullum. Ya sauko daga amalanke, ya yi sallama, ya buɗe baki zai fara roƙon da ya saba, maganar ta ƙi fita. Ya dafa bango ya durƙusa. Ba abin da ake ji sai numfashinsa, yana ja kamar ana jan guga a busasshiyar rijiya. Iya Tabawa ta daɗe tana kallonsa, ludayi a hannu, ƙosai na ƙonewa cikin mai.

Ta sauke kaskon. Ta kwashe kayanta daga kan tol ɗin. Ta je amalankensa ta ɗauko jarka ta kwarara wa tol ɗin ruwa, ta cire mayafinta ta lulluɓe tol ɗin da shi.

"Ku ɗiyan ga, ku saurara da kyau," ta ce. "Almu bai amshe komi ba. Ni na ba shi. Wanda na ƙara ji shina yi mai waƙa, ba shi ƙara cin ƙosaina."

Sannan ta juya gare shi. "Tashi, ɗan nan. Kawo iccen naka mu gani."

Bai iya tashi ba sai da muka kama shi.

Tun daga lokacin ƙarfinsa ke raguwa. Ya daina hawa rufi. Amalanken yana fita, amma ba ya nisa, wani lokaci iyakarsa bakin gari ya juyo. Ya ce min akwai sauran guntaye a ƙauyukan kan tudu da ya san gidajen da suke, ya san ranar da ya ba da su, ƙafarsa ce ba za ta kai ba.

Almu Kafinta, mun gode. Ka kashe sunan da ka yi rayuwa kana ginawa don yaran da ba za su san abin da ka tsare musu ba, tunda ciwon da bai zo ba babu mai gode masa. Allah ya sassauta maka, ya saka maka da abin da mu ba mu iya ba.

Ku kuma jama'ar Buza, Keita da Madawa, ku leƙa bakin rumbunanku da akurkin kajinku, ku ɗaga kai ku dubi rufin ajin da yaranku ke zaune. In kun ga tol ɗin nan mai launin toka, kada ku fasa, kada ku yanka, kada ku kankare. Wanda ya fashe ku jiƙa shi, ku naɗe, ku sanar da maigari da hukumar lakwal. Ku da kuka karɓa daga hannun Almu, kada ku jira ya zo ƙofarku. Ku kai masa da kanku tun yana iya amsa sallama.