Makarar da ta ƙi fita daga lungu

Shekarun baya, a wata Babbar Sallah, kawuna ya yi min barka da Sallah da ban taɓa samun irinta ba. Lokacin na haura talatin, da matata da 'ya'yana, ina koyarwa a wata firamare. Na je gaishe shi a gidansa da ke unguwarmu ta Abbaganaram, riƙe da ƙullin naman layya. Muna gama gaisawa ya nuna min wani akwati a ƙarƙashin gadonsa, ya ce in jawo.

Kawun nan nawa kafinta ne, a unguwar Hausari ya tsufa yana sana'ar, har hannunsa ya fara rawa ya ajiye. Cikin akwatin akwai zarto biyu, da guduma, da gizago, da tef ɗin awo, da ƙusoshi a gwangwanin madara, kowane girma da gwangwaninsa. Ya ƙara min da falankan maɗaci da ya jima yana ɓoyo a bayan ɗaki.

"Kai kaɗai ne a zuri'ar nan kake taɓa katako," in ji shi. "Ba ka iya ba, amma kana so. Ɗauka."

Gaskiya ya faɗa. Duk abin da na taɓa ƙerawa kafin nan benci ɗaya ne, shi ma sai an sa masa dutse a ƙafa ɗaya yake tsayawa. Matata da ta ga akwatin dariya ta yi, washegari ta aika aka sayo min gam da samfefar goge katako, ta ce nata goron Sallar ke nan, amma don Allah in bar mata ƙofar ɗakinta yadda take.

Bayan Sallah kawu ya koma wurin 'yarsa a wata unguwa don jinya. Ni kuwa kayan nan suka hana ni sakat. Ina son in yi abin da za a gani a ce ni na yi, kuma ina son a ce don Allah na yi. Dukansu biyun suna raina, ba zan ɓoye ba. Sai idona ya sauka a kan makarar masallacinmu. Tsohuwa ce, siririya, an ɗaure wani gefenta da waya, in an ɗauke ta sai ta riƙa ƙara. Na daɗe ina jin haushin ƙuncinta, ina ganin kamar wanda ya yi ta rowar katako ya yi.

Sati uku na yi ina aiki a tsakar gida, kullum in na taso daga makaranta. Na ƙara mata faɗi fiye da taƙi guda, na yi mata gefe mai tsawo da mariƙa huɗu masu kauri, na goge ta har tana sheƙi. Ban tambayi kowa ba, ban auna komai ba sai tsawon mutum. Ranar da muka kai ta masallaci, Bulama, mai unguwarmu, ya shafa ta yana yi min sannu da aiki, "Wushe, wushe, Malam! Allah Ya saka." Liman ya yi min addu'a a gaban jama'a, kaina ya yi girma. Ni da bakina na ba da shawarar a kai tsohuwar garin Zabarmari, a ba wani masallaci da na ji ba su da ita. Aka ɗora ta a mota aka tafi da ita.

Wata guda bai cika ba mahaifiyar abokina ta rasu. Tare muka tashi da shi, a kwano ɗaya matar nan ta riƙa zuba mana abinci muna yara. Ta yi shekara tana kwance. Shi yana aiki a wani gari, yana aiko da magani da duk abin da ake buƙata, in ya samu hutu ya leƙo kwana biyu ya koma. Da safe ta cika, ya iso wajen azahar, rana na dukan mutane kamar wuta.

Gidansu yana ƙarshen wani dogon lungu, a tsakiyarsa akwai kwana mai kaifi tsakanin katangu biyu. Wajen shiga da makarar sai da aka karkata ta a gefe, ta wuce. Ina wurin, na gani, amma ko a raina ban kawo komai ba. Aka gama suturta ta, aka sa ta ciki, mu huɗu muka ɗauka, ni da abokina a gaba.

Muna isa kwanar ta tsaya cak. Mariƙin gaba ya tokare katanga ɗaya, gefen baya ya tokare ɗayar. Muka ja baya muka sake gwadawa. Muka ɗaga ta sama da kawunanmu, nan ma ta ƙi. Wani daga baya ya ce a ɗan karkata, wani dattijo ya daka masa tsawa, "A karkata wa? Mutum ce a ciki!" Jama'a na can bakin titi sun yi sahu suna jira. Daga cikin gida mata sun ji hayaniya, kukan da suka danne ya ɓarke. Wani ya ce a je a aro wata a unguwar gaba, wani ya ce tasu ta ƙarfe ce, ta fi wannan faɗi. Ni dai gumi nake yi, hannuna na kan katakon da na goge da kaina, na rasa inda zan sa idona.

Abokina ya ce, a hankali, "Ku sauke."

Muka sauke ta a ƙasa. Ya durƙusa, ya sa hannu ɗaya ƙarƙashin wuyanta, ɗaya ƙarƙashin gwiwoyinta, ya ɗago mahaifiyarsa cikin likkafaninta. Ƙanensa ya matso zai taya shi, ya girgiza kai. Haka ya bi sauran lungun da ita a ƙirjinsa, mu kuma muka karkata makarar muka biyo shi da ita babu kowa ciki. A bakin titi aka mayar da ita, aka yi mata sallah, aka kai ta.

A maƙabarta na hango kawu, an kawo shi a keke mai ƙafa uku. Labari ya riga ya kai masa. Da aka watse ya kira ni gefe, bai ɗaga murya ba.

"Tsohuwar ni na yi ta," in ji shi. "Kafin in yanka katako, sai da na bi lungunan unguwar nan ɗaya bayan ɗaya. Wancan ne ya fi ƙunci, da shi na auna."

Washegari ya sa aka kawo shi gidana. Ya zauna a kujera yana nuna min inda zan yanka, na kwance makarar na rage ta. Da muka gama, ni da wasu maƙwabta muka bi da ita lungun nan a kwance, ta wuce.

Na je na ba abokina haƙuri a ranar uku. Ya ce ba komai, Allah Ya ƙaddara. Amma a zaman makoki kowa haka yake cewa, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Muka ci gaba da zumunci, ba mu ƙara tayar da maganar ba, ni kuma tana nan tana cina. Har yau ina aikin katako, na ma ɗan iya, amma na daina yi wa mutane alherin da ban tambaye su ba. Wannan darasin na riƙe shi, sai dai ba ni na biya tsadarsa ba.

Bayan wasu shekaru, abokin nawa ya zo hutun Sallah muna zaune a ƙofar gidana, na yi ƙarfin hali na ce masa har yanzu ina jin kunyar ranar nan.

"Ka san me?" in ji shi. "Shekara guda ina kiranta a waya tana ce min da sauƙi, ni kuma ina yarda, don hakan ya fi min sauƙi. Da na ɗago ta, wallahi ba ta kai nauyin 'yata ba. Da a makara aka fita da ita, mu huɗu muna ɗauke, da har in mutu ban san ta rame haka ba."

Har yau ban sani ba ko godiya ya yi min ko kuwa faɗa min ya yi abin da na ɗora masa. Ban kuma taɓa samun ƙarfin zuciyar tambayarsa ba.